Zauren kaka da rumbuna uku: a rushe ko a gyara?

Sani (Duwala): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon manyanmu su sa baki. Muna da gidan gona na gado a wani ƙauye bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Kakanmu ne ya gina shi tun zamanin mulkin Faransa, kafin 1960. Akwai zaure na soro mai rufin azara, da ɗakunan jinka huɗu, da rumbuna uku, da rijiya, da tsohuwar tsamiya a ƙofar gida. Mahaifinmu ya rasu bara, mu tara ya bari. Yanzu Innarmu ce a ciki, da babban yayanmu da iyalinsa. Yaya ya ce kafin ruwa ya sauka zai rushe zauren da ɗakunan ya yi na bulo da kwano, don ya gaji da yaɓe kowace shekara. Ni kuwa raina bai kwanta ba. A zauren nan aka ɗaura auren iyayenmu, a nan aka raɗa wa kowannenmu suna, a nan aka yi zaman makokin Baba. Ban son rigima da Yaya, amma ban son in je gida in tarar da fili. Me kuka gani?

Alhaji Umaru (Garwa): Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka bar yayanka ya yi aikinsa. Wanda ke kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku ɗauki hoto ku ajiye, shi ke nan.

Baba Ilu Magini (Garwa): Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Sani, ɗana, kafin kowa ya ce rushe ko kar a rushe, sai an san halin da ginin yake ciki. Abu uku nake so ka tambaya a gida. Na farko gindin bango: ya zaizaye ne har hannu na shiga, ko yana nan da kaurinsa? Na biyu azara: a sa wuƙa a caki bakin da ya shiga cikin bango. In wuƙa ta ƙi shiga, azarar lafiya lau take, ko da ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. In ta nutse, ruwa ya daɗe yana bi ta nan. Na uku indararo: yana zubar da ruwa nesa da bango, ko a gindinsa yake zuba?

Yaran yanzu gani suke ginin ƙasa laka ce kawai aka tara. Ba haka ba ne. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma namijin giginya da ya tsufa ake nema, shi ne gara ba ta iya masa. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kamu huɗu ba tare da ta lanƙwasa ba. Shi ya sa in ɗaki ya fi haka faɗi, magini ke fito da azara daga bango hawa-hawa, ko ya gicciya su a kusurwa, ko ya yi baka, ko ɗaurin guga in mai gida mai hali ne. Duk zauren da ka ga ya shekara sittin da ɗoriya rufinsa bai zauna ba, wanda ya yi shi ya san aikinsa. Kuma giginyar da za a tsaga irin wannan azara yau ta yi wuya a ƙasar Binuwai, ga ma'aikatan daji ba sa barin a sare ba takarda. In kuka rushe, ba ku sake samun irinsa, ko da kuɗi a hannu.

Sani (Duwala): Na gode Baba. Na kira ƙanina ya duba. Ya ce azara biyu ne kawai wuƙa ta shiga, duka ta ɓangaren gabas. Indararon can ya karye tun tuni, an sa guntun kwano a madadinsa. Kuma bangon gabas ɗin an taɓa shafe shi da siminti don a huta da yaɓe, yanzu simintin ya kumbura, in an ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ba komai a bayansa.

Baba Ilu Magini (Garwa): To ga ciwon nan. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ya sa magabata suka fi kula da shi, wasu har zana suke jingina masa da damina. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, tana motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya bin ta. Da ya tsage kaɗan ruwa zai shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu wurin zama. Ran da zai faɗi, falle guda zai ɓallo, ya taho da naman bangon. Na ga gidaje da yawa a Garwa da wannan ya kashe, masu su kuma suka ce laifin ƙasa ne.

Yaɓen da ke riƙe bango shi ne na makuba, wato ɓawon ɗorawa a jiƙa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwansa, a zuba ciyawa da kashin shanu ko na doki, a bar kwaɓin ya ruɓa kwanaki kafin a shafa. Saman soro kuma da laso ake yi: katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini a karofi, da gashin jima, da dafara. Gashin jima har gobe ana samu a majemar Marwa. Katsi ne ya yi wuya, don marina sun mutu.

Hajiya Rabi (Marwa): Ku yi haƙuri maza, zan faɗi wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Sani, ƙanina, kana Duwala ƙarƙashin fanka kana kewar zaure. An tambayi Inna? An tambayi matar yayanka? Ni a ɗakin jinka na girma a ƙasar Mindif. Mu ne masu ɗebo ruwan kwaɓi tun asuba, mu ne masu daɓe da maɗaɓi har tafin hannu ya fashe. Mu ne masu kakkaɓe ƙasa daga kan tuwo in iska ta taso. Kunama a cikin jinka take kwana, ta faɗo kan tabarmar yaro. Sauro ta ƙarƙashin jinka yake shigowa, tsakanin bango da rufi, ba ƙofar da za ka rufe masa. In gobara ta kama ɗaki ɗaya da rani, kafin a kawo guga ta gama da gida. Kuma duk shekara a watan Agusta sai mun ji bango ya faɗa wa mutane suna barci.

Ga wata kuma da ba ku faɗa: yau wace uwa ce za ta kai gadon ’yarta da sif da kujeru ɗaki zagaye? Kayan ɗakin yanzu masu kusurwa ne, ba sa zama jikin bangon da ya lanƙwasa. Saurayin da ba shi da ɗakin kwano a ƙauye, neman aure ma wahala yake ba shi. Ni ban ƙi zaure ba, wallahi ina son ganinsa. Amma kar a ajiye tsohuwa a ɗakin da ke yoyo don ’ya’yanta na birni su zo da salla su ɗauki hoto.

Alhaji Umaru (Garwa): Hajiya ta gama magana.

Zainabu (Jami'ar Marwa): Gwaggo Rabi, gaskiyarku ce, ba mai musu. Amma ku ba ni dama in kawo wani gefen. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sanya Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara cikin wuraren tarihi na duniya. Gine-ginen dutse ne da aka jera ba laka ba siminti, wurare 16 a ƙasar Mafa, an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Sukur da ke ƙetaren iyaka a Najeriya ta samu wannan tun 1999. Fadar Lamidon Rai Buba da hasumiyar Goto ta Gulfe suna cikin jerin da Kamaru ta miƙa na masu jiran a duba su. Duk wannan abin alfahari ne. Sai dai ku lura, kusan duka fadoji ne da kufai. Gidan manomi, wanda shi ne ya ciyar da fadar, ba mai rubuta shi ko'ina.

Ku dubi abin da ya faru da ƙabilar Musgum a bakin kogin Logon, wajen Pus da Maga. Ɗakinsu mai tsini, tolek, da ƙasa zalla ake gina shi, ba itace ko ɗaya, wani har mita 9 tsayinsa. Zanen da ke jikinsa shi ne matakalar da magini ke takawa ya hau, shi ne kuma ke raba ruwan sama kar ya bi hanya ɗaya ya yi rami. Turawa sun yi ta mamakinsa, har aka kwaikwayi siffarsa a baje kolin mulkin mallaka na Faris a 1931. Duk da haka cikin shekaru kaɗan ya kusa ɓacewa ƙaf daga ƙauyuka. Da aka tashi farfaɗo da shi a shekarun 1990 a Murla kusa da Pus, sai da aka nemo tsofaffi ’yan ƙalilan da suka rage da sanin aikin suka koya wa matasa. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba mai koyarwa. Abin da nake tsoro ke nan game da ginin azara. Baba Ilu nawa suka rage a Garwa?

Kuma muna da doka, ta 18 ga Afrilun 2013, kan kayan gadon al'adu. Ta tanadi a yi ƙidayarsu, a tantance, a sanya wasu cikin waɗanda hukuma ta kare. Yaya Sani, me zai hana ku rubuta wa ofishin ma'aikatar al'adu na Garwa?

Kawu Garba (Gidar): Zainabu ’yata, Allah ya ƙara ilimi. Na yi aikin filaye har na yi ritaya, bari in faɗa miki yadda abin yake a ƙasa. Dokar tana nan, ba ƙarya. Amma doka ba ta kwaɓa ƙasa. Ginin da aka sanya cikin waɗanda aka kare, ba ka da ikon rushe shi ko sauya shi sai da izini, nauyin gyara kuwa yana nan a wuyan mai gida. Talaka ya ɗaure hannunsa da kansa ke nan. Ban ce kar su rubuta ba, amma kar su jira damina ta jira su.

Sani, ga wadda ta fi wannan muhimmanci, kuma ka karanta wa yayanka ita. Gidan nan da gonar suna da tittir, wato takardar mallakar fili ta hukuma? Na san amsar, yawancin gidajen ƙauye ba su da shi. A ƙarƙashin dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974, ƙasar da ba ta da takarda tana cikin filin ƙasa ne, ku masu zama ne a kai bisa al'ada. Amma wanda ya zauna ko ya raya wuri kafin 5 ga Agustan 1974, shi ko magadansa, yana da damar neman tittir kai tsaye. Kwamiti ne ke zuwa ya gani da ido, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, shi ne shugabansa, da mai gari da dattawa biyu a ciki. Me za ku nuna musu? Zauren nan, da rumbunan nan, da rijiya, da tsamiya. Su ne shaidarku cewa kun riga 1974 a wurin. In kuka share komai kuka dasa sabon bulo, kun rage wa kanku hujja da hannunku. Garwa tana ta faɗaɗa ta wajen Pitowa, filayen da ba wanda ya damu da su jiya yau ana shari'a a kansu. Ko da za a rushe, a fara da takarda. Kuma a rubuta sunan magada duka, har mata, kar a sa na mutum ɗaya a ce amana.

Sani (Duwala): Kawu, wallahi ba wanda ya taɓa kawo mana wannan. Ba mu da tittir. Allah ya saka da alheri.

Musa (Njamena): Gaisuwa daga Cadi. Ina tare da Hajiya Rabi a rabi, ina tare da Baba Ilu a rabi. A ambaliyar 2022 da ta 2024 mun gani da idonmu a Njamena da Kusiri: gidan ƙasa in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu uku, narkewa yake daga ƙasa ya durƙushe. Mutanen Yagwa ma sun sha wannan. A irin wuraren nan ba wanda zan ba shawarar ya sake ginin ƙasa tun daga tushe, shi ya sa kowa ya koma ƙonannen bulo. Amma gidan kakan Sani ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 yana tsaye, ke nan a tudu yake. Magabata ba sa gini a hanyar ruwa, sai da suka ga damina da yawa kafin su zaɓi wuri.

Kusa da mu akwai Gawi, garin Kotoko, kamar kilomita 10 daga Njamena. Tsohuwar fadar sarkinsu ta ƙasa ce, an gyara ta an mai da ita gidan tarihi, ana ajiye kayan Sao, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da, a ciki. Matan garin su ke yi wa bangaye zane da launin ƙasa, su ne kuma masu ginin tukwane. Abin da na lura, inda mata ke sabunta zanen nan bangon yana nan garau, don mai zane ba ta shafa launi a kan tsaga, sai ta liƙe ta tukun. Gidan da aka kulle aka tafi birni kuwa, damina biyu ta ishe shi.

Injiniya Bashir (Ngaundare): Ina ganin an haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Ɗakunan kwana daban, zaure daban. Duk abin da Hajiya ta lissafa, kunama da sauro da gobara, na jinka ne. Zaure soro ne, ba ciyawa a kansa.

Sannan ku tambayi duk wanda ke kwana a ɗakin bulo mai kwano ba silin a Garwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ba ya shiga ɗakin sai tsakar dare. Bulon siminti siriri ne, rami ne a cikinsa, kwano kuma yana sauke zafin rana kai tsaye. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin ne a hankali, ba ya isa ciki sai rana ta faɗi. Tsohuwa mai hawan jini, a ƙauyen da ba lantarki, a mai da ita ɗakin kwano, ban ga an yi mata gata ba.

Shawarata ga ɗakin Inna: tushe na dutse da siminti ya taso sama da ƙasa kamar gwiwa, bango na tubalin ƙasa, ko na hannu ko wanda ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti kaɗan. Akwai hukumar MIPROMALO a Yawunde, aikinta ke nan tun 1990, inganta kayan gini na gida. A yi kwano mai baki da ya fito sosai ya kare bango, a sa silin a ƙarƙashi, a bar iska tana wucewa tsakani, a toshe kafofin da raga. Ba sabon abu ba ne: haka Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker ta zanen gini, a 2022. Zaure kuwa a bar wa Baba Ilu, ni ba zan sa masa hannu ba, ya fi ni saninsa.

Malam Hamisu (Figil): Bismillahi. Kun yi ta maganar bango, ba wanda ya tsaya kan cewa gidan nan dukiyar magada ce da ba a raba ba. Babban ɗa ba ya da ikon rushe abin da ƙannensa da mahaifiyarsu ke da rabo a ciki sai da yardarsu, ko da niyyarsa alheri ce. Haka shi ma Sani ba ya da ikon hana sauran amfana da haƙƙinsu don shi yana son tarihi. Matar mamaci tana da tumuni tunda akwai ’ya’ya, saura a raba, namiji rabon mata biyu. In cikin taran akwai wanda bai balaga ba, abin ya ƙara nauyi, don dukiyar maraya ce.

A mazhabar Malikiyya akwai ƙofofi biyu da za su amfane ku. Ɗaya shuf'a: in wani magaji ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Wannan ke hana gida tarwatsewa a hannun baƙi. Ta biyu hubusi, wato wakafi. In dukkanku baligai ne kuka yarda, kuna iya cire zauren daga rabo ku tsayar da shi, ba sayarwa ba gado, ya zama wurin karatun yara da saukar baƙi. Kuna iya haɗa masa wani yanki na gona, abin da aka noma a ciki ya tafi ga gyaransa. A rubuta, a sa shaidu, lawan ko jauro, wato mai gari, ya sani. Na fi son wannan a kan jiran hukuma, don zauren da yara ke karatu a ciki kullum ana share shi, in ya tsage a ranar za a gani.

Ɗanjuma (Adumri): Allah gafarta Malam, mun ƙaru. Ni manomi ne, rumbunan nan uku su suka tsaya mini a rai, kowa ya tsallake su. Rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, danshi ba ya hawa, iska na bi ta ƙasa, kaji na kwana a nan suna cin gara. Dawa da zangarniyarta ake zubawa, ba a sussuka ba, tana shekara biyu uku ba abin da ya same ta. Masakwar da ake girbewa a karal, ƙasar laka mai riƙe danshi, da rani ma haka. Tun da muka koma buhu da ɗakin ajiya, sai mun sa magani, ga ɓera. Kuma hatsin da ke buhu saurin fita yake: mai babur ya tsaya a ƙofar gida, an ɗora, an kai kasuwa. Na rumbu sai an ɗage jinka, an sa tsani, yaro ya shiga, duk gida sun sani. Wannan wahalar ita ke kai mutane watan Agusta da abinci.

Abin da ya sa wasu suka bar rumbu a wajenmu tsoro ne. Tun da satar mutane don kuɗin fansa ta yi yawa a ƙasar Binuwai da Mayo Rai, rumbu uku cike a tsakar gida talla ce. Wasu ma gidajen gonar suka bari gaba ɗaya suka koma gari. Can Mayo Sava da Mayo Tsanaga kuwa Boko Haram ce ta tashi ƙauyuka tun 2014. Gidajen da suka rushe ta wannan hanya sun fi waɗanda siminti ya ci.

Zainabu (Jami'ar Marwa): Kawu Ɗanjuma, ƙari kan maganar buhu: na wake mai ninki uku, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga ƙwari su mutu ba magani, a cibiyar binciken noma ta Marwa aka fara gwada dabararsa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, tun ƙarshen shekarun 1980. Wake a buhun, dawa a rumbu, ba sai an zaɓi ɗaya ba.

Lawal (ƙauye): Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, Sani ya sa aka shigo da ni. Na karanta duka tun daga sama. Ban ji haushi ba, amma ku ji nawa. Ni ma a zauren nan aka yi mini suna, kuma ni na wanke Baba a cikinsa. Ba ƙinsa nake ba. Lokacin Baba, in kaka ta wuce sai a kira gayya, samarin unguwa su taru, a dafa tuwo a dama fura, kwana biyu an gama yaɓen gida duka. Yau samarin suna Garwa suna acaɓa, wasu suna kudu. Wanda ya rage sai ka biya shi kuɗin yini, ka biya amalanken ƙasa, ka biya mai ɗebo ruwa. Lokacin kuma shi ne nake jiran kuɗin auduga. Mu tara ne, amma in bango ya tsage ni kaɗai ake kira. Siminti da aka shafa, ni na sa aka shafa, don ba ni da mai taya ni.

Na yarda da maganar Kawu Garba, ba zan taɓa komai ba sai an yi takarda. Na yarda da ta Malam, a tara magada. Amma sharaɗina ɗaya: duk mai son zaure ya tsaya, ya sa hannu a aljihu kowace shekara bayan girbi, a rubuce, ba sai na yi ta kira a waya ba. In ba haka ba, ku bar ni in yi abin da zan iya riƙewa.

Sani (Duwala): Yaya, gaskiyarka ce. Na ɗauki kuɗin yaɓen zaure da rumbuna a kaina, kowace shekara, Malam Hamisu da Kawu Garba shaida ne. Zan yi wa sauran magana su haɗa na takarda.

Hajiya Rabi (Marwa): Madalla. Amma ɗakin Inna ne farko, kafin zaure, kafin takarda. Kuma ku tambaye ta da bakinta irin wanda take so, kar ku yanke mata. Lawal, matarka ma a tambaye ta. In za a yi yaɓe, kuɗin mai ɗebo ruwa ya shiga lissafin Sani, kar a bar mata shi.

Alhaji Umaru (Garwa): Ni dai har yanzu ina ganin nan da shekara biyar za ku dawo kan maganata. Alkawarin kuɗi daga birni mun sha ji. Allah ya sa ku ba ni kunya.

Baba Ilu Magini (Garwa): Lawal, ɗana, ranar Lahadi in na tashi daga kasuwar Pitowa zan ƙaraso in gani da idona, ka turo yaro da babur. Kafin nan kar kowa ya ɓamɓare simintin nan gaba ɗaya, bangon zai iya biyo shi. Kaɗan-kaɗan ake cirewa daga sama, ana cikewa da sabon kwaɓi, ana bari ya sha iska. A tokare azara biyun nan da itace mai gwafa tun yau, a daina barin yara suna kwana ta wannan gefen. Ka tambaya a ƙauyukan kusa ko akwai tsohon soron da ya faɗi, a sayi azararsa, ta fi sabuwa. Ɗorawa na gab da nuna, ka gaya wa masu yin kalwa kar su zubar da ɓawon, buhu huɗu zai ishe mu bangon gabas. Kuma ka samo mini samari biyu da za su tsaya tare da ni daga farko har ƙarshe, ba masu zuwa yau gobe su tafi ba. Zan zo da indararo.